Guzurin Maniyyaci a Lokacin Zafi

An nemi mu 'yan kasuwa da Allah Ya nufa muka taɓa sauke farali mu ɗan yi wa maniyyatanmu bayani a kan haɗa kaya. To, ga abin da ya sawwaƙa.

Da farko, kada wani ya ce ai mu mutanen Lafiya mun saba da zafi. Gaskiya ne muna shan rana a watan Maris, amma a nan in ta ƙwalle sai ka fake a gindin mangwaro. Can kuwa tafiya ce a ƙasa, cikin cunkoso. Jidda tana bakin Bahar Maliya, iskarta da laima, gumi ba ya bushewa a jiki. Makka kuma zafinta kamar bakin tanda. A Hajjin 2024, cikin watan Yuni, zafi ya kai digiri 51.8 a Harami, kuma hukumomin Saudiyya sun ce mutum 1,301 ne suka rasu, galibinsu waɗanda suka je ba da izini ba, ba su da tanti ba su da mota. Allah Ya jiƙan su. Ko da yake Hajji na matsowa baya da kwana 10 ko 11 duk shekara, Makka ba ta san sanyin Jos ba.

Shekarar da muka je, akwai wani dattijo a ayarinmu da ya cika jaka da garin kwaki, kilishi da daddawa, amma bai ɗauki lema ba. A hanyar jifan Shaiɗan jiri ya kwashe shi, sai a asibiti ya farfaɗo, wani ne ya ƙarasa masa jifa. Abinci bai taɓa yanke mana ba, inuwa ce ta yi wuya.

Saboda haka, Alhaji, ka bar shadda mai sitaci da babbar riga a gida, ranar dawowa suna nan suna jiranka. Ka ɗauki yadin auduga mara nauyi, fari ko mai haske, kamar kala uku. Harami biyu, don in ɗaya ya jiƙe da gumi ka canza. Hajiya, leshi da hijabi mai roba-roba ba na wannan tafiya ba ne, atamfa mai laushi ta fi. Takalmi kuma wanda ƙafa ta saba da shi, sabo yana ci.

A ƙaramar jakar hannu a sa lema, domin mai harami ba ya rufe kai amma an yarda ya shiga inuwa. A sa gorar ruwa, da garin gishiri da sukari na kemis, da sabulu da man shafawa marasa ƙamshi saboda gogar cinya. Mai hawan jini ko ciwon suga ya riƙe maganinsa a jikinsa tare da takardar likita, haka fasfo da katin rigakafi.

Abu biyu kuma muna roƙo don Allah. Goro haramtacce ne shiga da shi Saudiyya, a haƙura. Sannan kada a karɓi saƙon kowa a filin jirgi, ko da ɗan uwa ne, sai an buɗe an gani, domin hukuncin safarar miyagun ƙwayoyi a can kisa ne.

Rigakafi dai ya fi magani. Allah Ya kai ku lafiya, Ya dawo mana da ku lafiya, Ya sa a yi karɓaɓɓiya. Ku sa mu a addu'a a Arfa.