Takardar Asali da Ƙofar Jami'a

Shugaban reshe, dattawanmu a wannan aiki, 'yan'uwa malamai maza da mata na Tambuwal da Kebbe.

An nemi in yi magana kan taƙaita ɗaukar baƙi a jami'o'in gwamnati. Labarin da ya fi yawo na ƙetare ne: a watan Janairun 2024 Kanada ta rage takardun izinin karatu ga 'yan wasu ƙasashe, Ingila kuma ta hana mafi yawan ɗalibai baƙi zuwa da iyalansu. Amma mu ma muna da namu shingen a gida, kuma yaran da muke koyarwa yake tarewa.

A jami'o'in tarayya, kashi 45 cikin ɗari na gurabe na cancanta ne, kashi 35 na jihohin da ke kewaye da jami'a, kashi 20 kuwa na jihohin da ke baya a ilimin boko, cikinsu har da Sakkwato. Ba na goyon bayan a rushe wannan tsari, domin da shi 'ya'yanmu da yawa suka zama likitoci da lauyoyi. Abin da ke damuna shi ne ma'aunin da ake amfani da shi, wato takardar shaidar asali daga ƙaramar hukuma, wadda ba ta tambayar inda yaro ya girma, sai inda kakansa ya fito.

Ku duba azuzuwanku. Akwai ɗan da mahaifinsa ya zo daga Kudu yana sayar da kayan gyaran mota, akwai wanda iyayensa suka ƙetaro daga Nijar tun kafin a haife shi. A nan aka raɗa musu suna, a hannunmu suka koyi baƙaƙe. Lokacin neman shiga jami'a sai a ce su nemo shaida daga garin da ba su taɓa kwana ba. Ga shi kuwa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda babbar jami'ar Sakkwato ke ɗauke da sunansa, a Maratta aka haife shi, a ƙasar Nijar ta yau.

Mu kanmu ba mu tsira ba. Kafin 1991 mu da mutanen Aliero da Jega 'yan jiha ɗaya ne. Yau jami'ar Aliero ta fi Sakkwato kusa da Tambuwal, amma ɗanmu baƙo ne a can, tunda jami'o'in jihohi kan fifita 'yan asalin jiharsu wajen gurbi da kuɗin makaranta. Sashe na 42 na tsarin mulkin 1999 ya hana nuna wa ɗan Nijeriya bambanci saboda asalinsa, sai dai a aikace takardar ce ke yanke hukunci.

Roƙona ga wannan reshe shi ne kada mu jira sai ajin ƙarshe. Tun daga aji huɗu na sakandare, kowane malamin aji ya binciki wanda ba shi da takardar haihuwa, ko lambar NIN, ko shaidar asali, ya kira iyayensa. Sannan shugabanninmu su zauna da majalisun ƙananan hukumomin biyu da uwayen ƙasa, a fitar da ƙa'ida a rubuce kan yaron da aka haifa a nan kuma ya yi karatunsa duka a nan. Ina fata a kawo mana amsarsu a taro mai zuwa.