Idan Kuɗin Agaji Suka Yi Yawa A Kati, Yaya Ake Gyarawa?

Jawabi ga taron masu unguwanni, malaman ajujuwan manya da shugabannin ƙungiyoyin mata



A da, idan aka ce agaji ya zo, buhunan masara da gwangwanayen mai ake saukewa a ƙofar fada, a kira suna, kowa ya dangwala yatsa ya ɗauki rabonsa. Yanzu kuwa hukumomin agaji da dama kati suke bayarwa. Ana zuba kuɗi a cikinsa, mai shi ya je shago ya sayi abinci, ko ya je wurin mai na'urar POS ya cire. Hukumar Abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato WFP, wadda ta shiga aikin agaji a jihohin Borno da Yobe da Adamawa a 2016, tana da manhajar kwamfuta mai suna SCOPE, inda ake ajiye sunan magidanci da yawan iyalinsa da abin da aka ba shi. A ƙasar Lebanon ma a 2013 aka fara bai wa 'yan gudun hijirar Siriya katin sayen abinci. Ƙungiyar Red Cross ta Amurka ita ma kati take bai wa iyalan da gobara ta cinye wa gida.

Wannan tsari ya rage dogon layi da asarar hatsi a hanya, amma ya zo da tasa matsalar. Wani lokaci akan zuba wa mutum kuɗi fiye da haƙƙinsa. Wannan jawabi zai bayyana yadda hakan ke faruwa, da yadda ake gyarawa, da abin da ya rataya a wuyan mai kati.

Yadda kuskuren ke aukuwa

Kowane gida da aka yi wa rajista yana da fayil a cikin kwamfuta, da lambarsa ta kansa. Da wannan fayil ake haɗa lambar katin. Jami'i ya rubuta adadin kuɗin, ya danna, umarni ya tafi banki ko kamfanin da ya yi katin.

Ta hanyoyi huɗu aka fi samun kuskure. Ta farko ita ce ƙarin sifiri: a rubuta N200,000 a maimakon N20,000. Ta biyu ita ce danna sau biyu. Idan sabis ya yi nauyi, jami'i ya ga kamar umarnin bai tafi ba, sai ya sake dannawa, alhali na farkon ya riga ya isa. Ta uku ita ce kuskuren lambar kati, inda kuɗin wani gida kan faɗa a katin maƙwabcinsa. Ta huɗu ita ce rajista biyu, wato a rubuta gida ɗaya a sansani, a kuma sake rubuta shi a cikin gari, ko a rubuta mutum goma a gidan da ke da mutum biyar.

Kada wani ya ce ai kuɗin hukuma ne, ba su da mai su. Kuɗin agaji ƙidayayyu ne. A misali, idan an ware N2,000,000 domin gida 100, kowane gida N20,000, to rarar N180,000 da ta faɗa a kati ɗaya rabon gida tara ce cur. Waɗannan gidaje tara su ne za su kwana da yunwa idan ba a gyara ba.

Darasi daga Amurka

A watan Agusta na 2005 guguwar Katrina ta afka wa kudancin Amurka, ruwa ya ci birnin Niyu Olins. Hukumar agajin gaggawa ta ƙasar, wato FEMA, ta shiga raba dala 2,000 ga kowane gida cikin hanzari. A jihar Tekzas, inda aka tsugunar da mutane da yawa, ta raba kati kusan 11,000. Da ofishin binciken kuɗi na Majalisar Dokokin Amurka, wato GAO, ya bi sawu a 2006, sai ya gano kimanin mutum 5,000 daga cikin masu katin an biya su sau biyu: sau ɗaya ta kati, sau ɗaya kuma ta caki ko ta asusun banki. Ofishin ya ƙiyasta cewa kuɗin agajin da aka biya ba bisa ƙa'ida ba sun kai tsakanin dala miliyan 600 zuwa dala biliyan 1.4.

Abin da ya biyo baya shi ne abin lura. Shekaru bayan an kashe kuɗin, sai ga wasiƙu suna isa ga mutanen da suka rasa gidajensu, ana ce musu su biya bashi. Koke ya yi yawa, har a watan Disamba na 2011 majalisar ta yi doka da ta ba hukumar damar yafe irin wannan bashi idan kuskuren nata ne, mai karɓa ba shi da laifi, kuma abin da yake samu a shekara bai wuce dala 90,000 ba. Ke nan kuskuren da za a iya gyarawa cikin yini ɗaya, idan aka bar shi ya kwana, sai ya zama rigimar shekara shida.

Matakan gyara

Jami'in da ya san aikinsa, da zarar ya gano rara, matakai shida yake bi.

Na ɗaya, ya sanar da shugabansa nan take. Ɓoye kuskure shi ke mayar da shi laifi.

Na biyu, a dakatar da katin na ɗan lokaci, a kuma sanar da mai shi dalili, da harshen da yake ji, don kada ya je kasuwa ya sha kunya a gaban mai shago.

Na uku, a duba abin da ya rage a katin da abin da aka riga aka kashe. A nan ana bukatar haƙuri, domin a wuraren da babu sabis, sayayyar da aka yi da safe ba ta bayyana a kwamfuta sai mai shago ya haɗa na'urarsa da intanet.

Na huɗu, a sauke rarar kaɗai. Nan ne ake yawan yin kuskure na biyu a garin gyara na farko. A koma ga misalin ɗazu. Haƙƙin magidanci N20,000, an zuba masa N200,000, ya sayi hatsi na N8,000, saura N192,000. Abin da za a sauke shi ne N180,000, a bar masa N12,000. Idan aka share katin duka an zalunce shi, idan kuma aka bar masa N20,000 an ƙara masa N8,000 da ba nasa ba.

Na biyar, wanda ya zuba kuɗin ba shi ne zai amince da saukewar ba. Sai mutum na biyu ya duba ya sa hannu. Ba kuma a goge rubutun farko, sai dai a ƙara sabon layi a fayil: ranar kaza, an sauke kaza, saboda dalili kaza, da izinin wane. Da wannan ne masu binciken kuɗi za su bambance kuskure da sata.

Na shida, a buɗe katin, a tabbatar lissafin kwamfuta ya yi daidai da na banki, sannan a mayar da rarar ga gidajen da ke da ita.

Idan an riga an kashe

Wani lokaci kafin a farga mai kati ya riga ya kashe fiye da rabonsa. A ce ya kashe N50,000. Za a sauke N150,000 da suka rage, saura N30,000 a kansa. Kowace hukuma tana da ƙa'idarta a kan wannan. Wata takan riƙa cire kaɗan kaɗan daga biyan gaba, misali N5,000 duk wata har wata shida. Wata kuma takan yafe idan ta tabbata mutumin bai sani ba. Abin da bai dace ba shi ne a yanke wa iyali abinci baki ɗaya saboda kuskuren da ba su suka yi ba, ko a tozarta su a bainar jama'a.

Abin da ya rataya a wuyan mai kati

Duk mai kati ya san adadin haƙƙinsa tun ranar rajista, ya tambaya idan ba a faɗa masa ba. Ya riƙa karɓar rasit yana adanawa. Ya iya ƙidaya sifiri, domin tsakanin 20,000 da 200,000 ɗan zagaye ɗaya ne kawai. Idan ya ga kuɗi sun wuce abin da ya saba gani, kada ya taɓa rarar. Ya je teburin koke na hukumar, ko ya kira lambar da aka ba shi ranar rajista, ya kuma shaida wa mai unguwa. Hausawa sun ce tsintacciyar mage ba ta mage. Kwamfuta ba ta mantuwa, ko ba daɗe ko ba jima za a zo neman kuɗin.

A kuma yi hattara da 'yan damfara. Sukan bugo waya su ce daga ofis suke, an zuba wa mutum kuɗi bisa kuskure, ya faɗi lambar sirrinsa ko ya tura rarar zuwa wani asusu. Jami'in gaskiya ba ya bukatar lambar sirrin kowa, domin daga kwamfutar ofis ake sauke rara. Ba ya kuma bin gida gida yana karɓar tsabar kuɗi babu takarda. Duk wanda ya zo da irin wannan magana, a kai rahotonsa ga hukumar da kuma mai unguwa.

Ana roƙon masu unguwanni su bayyana wa jama'arsu wannan kafin ranar biya ta gaba. Malaman ajujuwa kuma su ɗauki rasit na gaske su koya wa ɗalibai karanta adadi, musamman iyaye mata waɗanda katin gida kan kasance a hannunsu. Rigakafi ya fi magani.

Allah ya ba da ikon riƙe amana, ya mai da kowa gida lafiya. Wassalamu alaikum.