Ciwon Dajin Nono da Tsoron Ƙarfe a Arewacin Zamfara



Fagena harshe ne, saboda haka ta ƙofar harshe zan shiga wannan magana ta likitoci. A ƙasar Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi, kamar sauran ƙasar Hausa, in ƙullutu ya fito wa mace a nono, ya ƙi fashewa, ya ƙi bajewa, sai tsofaffi su ce daji ne. Daga nan kuwa sai a biyo da hukunci, wai daji ba ya son ƙarfe, watau kada a yi masa allura, kada wuƙa ta taɓa shi, in ba haka ba zai fusata ya bazu. To, ga inda gizo ke saƙa: aikin asibiti da ƙarfe yake farawa. Sai likita ya sa allura ya ɗebo ɗan nama an duba, kana a san ko sankara ce, a kuma san irinta.

Kada mu yi gaggawar raina masu wannan magana, domin abin da idonsu ya gani suke faɗi. Mace takan ɓoye ciwon saboda kunya, a yi ta shafe-shafe da jiƙe-jiƙe wata da watanni, har ya kai hammata, ya kai ƙashi ko huhu. Sa'an nan a kai ta asibiti, a yi aiki, ba da jimawa ba ta rasu. Sai a ɗora wa wuƙa laifin da jinkiri ya yi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mata wajen miliyan 2.3 aka samu da wannan ciwo, wajen 670,000 suka rasu. A ƙasashe masu arziki fiye da 90 cikin 100 sukan kai shekara 5 da rai bayan an gano shi. A 2021 hukumar ta sa buri uku: a gano aƙalla 60 cikin 100 tun ciwon yana mataki na 1 ko na 2, a kammala bincike cikin kwana 60, kuma 80 cikin 100 su kai ƙarshen magani.

Shi kansa ciwon ba iri ɗaya ba ne. Akwai wanda sinadarin jikin mace ke ciyarwa, shi ne ƙwayar tamoxifen ke yi wa aiki, a sha shekara 5 ko fiye. Amma binciken Farfesa Olufunmilayo Olopade ta Jami'ar Shikago da abokan aikinta ya nuna cewa irin da ba ya jin wannan ƙwaya yana da yawa a matan Afirka ta Yamma. Ashe ke nan sayen ƙwaya a kemis ba tare da gwaji ba, harbi ne cikin duhu.

Buri na uku, a ganina, shi ya fi wuya a nan. Maganin da ake ɗurawa ta jijiya yakan zo bayan kowane mako 3, sau 6 ko 8, yana zubar da gashi, yana kawo amai. Matar Zurmi ko Shinkafi sai ta biyo ta Ƙaura zuwa Gusau, a hanyar da kowa ya san halin tsaronta. In an ce a gasa wurin da na'ura, sai an tafi wani gari irin su Sakkwato ko Shika. Wa zai ba ta izini da kuɗin mota, ya riƙe mata yara? Miji ne da dangi. Don haka bayanin likita, in ya tsaya a kunnen majinyaciya kaɗai, bai isa gida ba. A zaunar da maigida da uwar miji, a faɗa musu da Hausa tun kafin allurar farko cewa gashin zai zube, kuma zai sake tsirowa bayan an gama.