Kwanakin da Katafila Ba Ta Aiki: Jawabi Kan Hayar Injunan Gini a Ƙasar Bagudo



Abin da muke so mu tattauna yau shi ne lissafin da ɗan kwangila yakan yi in zai ɗauki hayar katafila ko gireda, musamman a ƙasar Bagudo ta Jihar Kabi, wadda ta yi iyaka da Jamhuriyar Benin. Sau da yawa yakan ƙidaya kwanakin haya, ya ɗauka duk na aiki ne. Mai inji kuwa, in ba an rubuta wani sharaɗi dabam ba, daga ranar da injinsa ya bar gareji yake fara ƙirga kuɗinsa.

Alal misali, a ce an yi hayar gireda kwana 30 don gyaran hanyar marmara a wajen Ka'oje ko Tsamiya. Gireda ba ta yin doguwar tafiya da ƙafarta, sai an ɗora ta bisa tirela, an ɗaure, an bi da ita sannu a hankali har a ƙetare Kogin Kwara ta gadar Tuga. Mu ba zuwa da komawa kwana 4. Mu cire kwana 4 na hutun mako, saura 22. Kowace safiya kuma direba zai ci kamar awa guda yana duba ruwa da baƙin mai, yana sa giris, yana kakkaɓe matatar iska, wadda ƙurar hunturu kan toshe ta nan da nan. Awa ɗaya cikin 8 ke nan kullum, watau kusan kwana 3 sun tafi, saura 19, alhali kuwa ko kusa ɗaya ba ta kwance ba tukuna. Ya kamata ma a duba agogon injin tun ran karɓa, domin injuna da yawa bayan awa 250 ake juye musu mai.

To, inda gizo ke saƙa shi ne lalacewa. Tiyon mai ya fashe, sa sabo aikin awa biyu ne ga makaniki. Amma ina sabon yake? Sai an aika Birnin Kabi ko Sakkwato, in ba a dace ba sai Ƙofar Ruwa a Kano, ko Ladipo a Ikko. Jiran nan shi ne ke cin kwanaki, kuma shi ne ba a cika sa shi cikin takarda ba. In ya ci kwana 5, aikin gaskiya ya koma kwana 14, kuɗi kuwa na 30 za a biya. Wanda ya sa rai ga kayan gyara daga Kwatano kuma, sai ya tuna watan Agusta na 2019, lokacin da gwamnati ta rufe iyakokin ƙasa.

Sa'an nan ga kogin kansa, wanda a ganinmu masu lissafi daga ofis suka fi jahilta. Kwara cika biyu yake yi a wannan yanki: ta damina wajen Agusta da Satumba, irin wadda ta cinye gonakin shinkafa a 2020, da kuma ta ruwan da ke gangarowa daga duwatsun Gini, wanda ba ya isowa sai cikin sanyi. Saboda haka ɗaukewar ruwan sama ba ta nufin fadamar Illo ko Lolo ta bushe, kuma inji mai nauyi in ya kafe cikin laka sai an yi hayar wani ya ja shi.

Wa ke ɗaukar asarar? Manomin da ke jiran hanya ya kai shinkafarsa kasuwa, domin ran da haya ta ƙare za a ɗora inji a tafi, a bar masa tulin marmara, ruwan farko ya wanke.

Muna kira ga 'yan'uwanmu masu karatun injiniya, waɗanda gobe za su riƙa sa hannu a irin waɗannan takardu, kada su yarda inji ya tashi sai an rubuta wa zai biya kwanakin hanya, wa zai biya na jiran makaniki, da kuma bayan kwana nawa na tsayuwa mai inji zai kawo madadinsa.