Shirin Yaye Tun Daga Wata Shida Yake Farawa

Jawabin da kwamitin lafiya na ɓangaren mata ya gabatar a taron wata-wata na ƙungiya, Sabo, Ibadan

Iyayenmu Hajiyoyi, matan malamai, unguwarzoma da ke wurin nan, 'yan'uwa masu goyo, da kuma mazajen da suka daure suka zauna daga bakin rumfa, muna yi muku barka da zuwa. Allah Ya ba da ladan zumunci.

An ba mu magana a kan yaye. To, mu a wurinmu idan aka ce yaye, abin da ke zuwa a rai shi ne rana ɗaya: a karɓo rubutu wurin malam, a shafa maɗaci a nono, a ɗauki yaro a kai shi ɗakin kaka, ya yi kukansa na kwana uku ya haƙura. Wannan rana kuwa ƙarshen aiki ce. Farkonsa yana can baya, ranar da yaro ya cika wata shida aka sa masa cokali a baki. Yaron da ya shekara ɗaya da rabi yana koyon cin abinci, ranar yaye ba ta ɗaga masa hankali. Wanda bai san komai ba sai nono da ruwan koko, shi ne za ku ga ya zube bayan yaye, ana cewa maita ce ko baki.

Bari mu fara da lokacin. Manyanmu da suka yi goyo a da za su tuna a asibiti ana cewa a fara ba da abinci daga wata huɗu zuwa shida. A shekarar 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar da magana ɗaya: nono zalla har wata shida cur, ko ruwa ba a haɗawa, daga nan a fara abinci, a ci gaba da shayarwa har shekara biyu ko fiye. Shekara biyun nan ba baƙuwarmu ba ce, malamai sun sha karanta mana ita a Suratul Baƙara, aya ta 233. Dalilin wata shida kuwa shi ne, daga nan nono kaɗai ba ya ƙosar da yaro, kuma sinadarin ƙarfe mai gina jini da ya zo da shi daga ciki ya fara ƙarewa. Yaron ma yana nuna alama: wuyansa ya tsaya, yana zama ko da an ɗan tallafe shi, yana bin lomarki da ido yana kai hannu kwano.

Yanzu ga inda muke so a buɗe kunne. Koko. Maƙwabtanmu Yarbawa suna ce masa ogi, kuma a garin nan babu lungun da ba za ki samu gasara ba. Da mu da su duka da shi muke fara wa yara. Koko ba shi da laifi, yadda muke dama shi ne laifin. Ana tsinka shi ya zama ruwa tsululu don ya wuce ta bulumboti ko don yaro ya zuƙe da sauri. Cikin yaro ɗan wata shida zuwa takwas kuwa bai fi kofin shayi ɗaya ba. Idan kika cika shi da ruwa, to ruwa ya ci. Zai yi shiru, cikinsa ya yi tib, ke kina murna ya ƙoshi, alhali ma'auni a asibiti wata da wata yana tsaye wuri ɗaya. Ga gwaji mai sauƙi: ɗebo kunun a cokali ki karkata. In ya zube kamar ruwa, bai yi ba. In ya tsaya yana saukowa a hankali, wannan shi ne abincin yaro.

Kauri kaɗai ma bai isa ba, domin gasarar masara da aka jiƙa aka tace, an zubar da dusa, abin da ya rage kusan sitaci ne zalla. Sai an ƙara mata abin gina jiki. Kuma wallahi ba sai an sayi na gwangwani ba. Duk abin da ake buƙata yana Bodija, rabinsa ma 'yan'uwanmu ne ke sauko da shi daga Arewa: gero, dawa, gyaɗa, wake, waken suya. Yadda mu muke yi, gwangwani uku na gero ko dawa, ɗaya na waken suya, ɗaya na gyaɗa. A tsince, a wanke, a shanya, a soya kowanne daban. Waken suya yana son suya sosai kuma a cire masa ɓawo, in ba haka ba yana ɓata ciki. A haɗa a kai inji, a tankaɗe, a zuba a mazubi mai murfi. Wannan shi ne ake kira Tom Brown a asibiti. In an dama, a zuba ƙaramin cokali na manja ko man gyaɗa. Mun san wasu iyayenmu har gobe suna yi wa manja kallon abincin Kudu, amma jan nan nasa shi ne ke zama bitamin A a jiki, mai kare ido da ƙarfafa jiki. Tunda Allah Ya kawo mu inda yake da araha, mu ci moriyarsa. Haka garin busasshen kifi da aka cire wa ƙaya, da garin jatan lande.

Abu ɗaya game da gyaɗa da masara. Nan ba Katsina ba ne, ba Sakkwato ba. Damshin garin nan yana sa hatsi ya yi fumfuna, kuma fumfunar gyaɗa da masara tana da guba mai lahanta hanta da tauye girman yaro, wadda suya ba ta kashewa. Duk ƙwayar da ta canza launi, ta yamushe ko take ɗaci, a zubar. Kada a niƙa na wata guda, a yi na mako ɗaya ko biyu.

Daga cokali biyu ko uku ake farawa, sau biyu a rana, bayan ya sha nono. Zuwa wata takwas ya kai sau uku. Daga wata tara, sau uku zuwa huɗu, kamar rabin kofi kowane ci, da ɗan abin taɓawa a tsakani, ayaba ko gwanda. In ya shekara, abincin gida yake ci, a ɗebar masa kafin a zuba yaji da dunƙule, kuma a kwanonsa shi kaɗai. In kika haɗa shi da yayyensa a tire ɗaya, kafin ya kai loma biyu sun suɗe. Alale, faten wake, dankalin Hausa, kabewa, tuwo mai laushi da miyar lalo ko kuka, zogale, hanta da aka dafa aka murtsuke, duk nasa ne. Ƙwai kuma, maganar nan ta cewa yaron da ya ci ƙwai zai yi sata, a bar ta haka nan. A dafa shi ya dahu a ba shi. Abin da za a hana shi shi ne zuma kafin ya shekara, don tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da ke shanye jikin jariri, sai gyaɗa ƙwaya-ƙwaya da ke shaƙe shi, da lemon kwalba da shayi.

Sai ɗura. Mun gani a gidajenmu, mun gani a gidajen maƙwabta: a kwantar da yaro a cinya, a toshe hanci, a kwarara koko da tafin hannu. Iyayenmu, mun san da ƙauna ake yi, kuma za ku ce haka aka yi mana ga mu nan da rai. Amma kokon da ya bi hanyar numfashi ya sauka a huhu, ciwon huhu yake zama, wani yaron ma nan take yake tafiya. A zaunar da shi, a ba shi da kofi da cokali, ana yi masa wasa. In ya ƙi yau a sake gobe. Wani abincin sai an gwada sau da yawa yake karɓa. Bulumboti kuwa wanke shi wuya ne, balle a nan da ruwa sai an saya, shi ya sa yake kawo zawo.

Zawon nan kuma mu daina jingina shi ga haƙori. Lokacin fitar haƙori ya zo daidai da lokacin rarrafe da kai komai baki da fara cin abinci, ƙazantar ce ke kawo shi. A wanke hannu da sabulu, kada a ba shi kokon safe da yamma sai an sake tafasawa. In zawo ya zo, ruwan gishiri da sukari na leda, da ƙwayar zinc ta kwana 10 zuwa 14, kuma kada a tsayar da nono ko abinci. Magungunan haƙori na kemis a yi hattara: a 2008 wani mai suna My Pikin ya hallaka yara sama da 80 a ƙasar nan.

Akwai maganar da ba a son yi a fili, amma mu mata ne. Mace tana goyo sai ga ciki, sai a fizge yaron daga nono a rana ɗaya wai kada ya sha ciki. A shekarun 1930 wata likita, Cicely Williams, tana aiki a ƙasar da yanzu ake kira Gana, ta bayyana ciwon nan na kumburin ƙafa da jan gashi, ta kira shi da sunan da mutanen Ga na Ankara ke kiransa, kwashoko, wato ciwon da ke kama yaro idan aka yi masa ƙane. Abin da ta gano shi ne yaran an cire su daga nono an bar su da kunun masara. Nonon mai ciki ba guba ba ne. In cikin lafiyayye ne, tana iya ci gaba tana ragewa sannu a hankali, ita ma ta ƙara cin abinci.

Mu da ke nan kuma kakar tana Kano ko Zariya ko Damagaram. Sai a sa yaro a mota, tafiyar yini da kwana, a sauke shi inda bai san kowa ba, ruwa daban, abinci daban, ba uwa ba nono. Muna roƙon masu gida, tunda ku ke yanke wannan shawara: in da hali a yi yayen a nan. A fara janye nonon rana, a bar na dare ya zama na ƙarshe, cikin makonni. Kada a yi yaye yaro yana ciwo ko bai daɗe da tashi ba. In kaka ta matsa sai ta yi, a aika mata kuɗin mota ta zo, ai ta ga gari. Kuma kuɗin cefane a ware na yaro a ciki, ƙwai ɗaya da ɗan kifi.

Masu goyo, taro mai zuwa kowa ta zo da katin awon ɗanta mu duba tare, har da allurar ƙyanda ta wata tara. Za mu kawo kasko da gero da waken suya a soya a gaban kowa, mai son koyo ta zo da mazubinta.