Dokoki Biyu, Digiri Ɗaya: Darasi Daga Pakistan



Da yawa daga cikinmu na tsimi daga ɗan albashinmu domin ƙaro ilimi, wasu kuma 'ya'ya suke ɗawainiya da su a jami'a. Shi ya sa muka kawo wannan tambaya gabanku: wa ke da ikon tabbatar da ingancin digiri, gwamnatin da ta kafa jami'ar, ko gwamnatin tarayya? Ƙasar Pakistan ta daɗe tana fama da ita.

A shekarar 2002, zamanin Janar Pervez Musharraf, aka kafa Hukumar Ilimi Mai Zurfi ta tarayya, wato HEC. Ita ke amincewa da jami'o'i, ita ke buga hatimi a kan takardar digiri. In babu hatiminta, da wuya takardar ta yi amfani wajen neman aikin gwamnati ko karatu a waje. A 2010 aka yi wa tsarin mulkin ƙasar gyara na 18, wanda ya miƙa harkar ilimi ga lardunanta huɗu, amma ya bar wa tarayya ikon tsara ma'aunin ingancin ilimi mai zurfi. To, a nan gizo ke saƙar. Larduna suka ce ilimi nasu ne, tarayya ta ce ma'auni nata ne.

A 2011 gwamnati ta yi yunƙurin rarraba ayyukan hukumar ga larduna, sai Kotun Ƙoli ta umarci a bar ta ta ci gaba da aikinta har sai an sauya dokar da ta kafa ta. Duk da haka lardin Sindh ya yi dokar kafa tasa hukumar a 2013, Punjab ya bi sahu a 2014. Yau majalisar lardi na iya kafa jami'a bisa doka, jami'ar ta buɗe rassa, ta ɗauki ɗalibai, amma idan HEC ba ta amince da reshen ba, ta ƙi buga hatimi. Majalisa ba ta yi asara ba, hukuma ba ta yi asara ba. Mai asara shi ne wanda ya kwashe shekara huɗu yana biyan kuɗi.

Abin ya shafe mu, domin tsarinmu ya yi kama da nasu. Tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya bai wa majalisar dokokin jiha ikon kafa jami'a, amma ƙayyade mafi ƙarancin ma'aunin ilimi yana hannun tarayya, kuma hukumar NUC ce ke tantance kwasa-kwasan jami'o'i. Sashe na 4 ya tanadi cewa idan dokar jiha ta ci karo da ta tarayya, ta tarayya ke rinjaye. Ke nan dokar da ta kafa jami'a daban, tantance kwas daban. Malamin da ya karanta kwas marar tantancewa zai iya tarar da cikas ranar da ya kai takardarsa neman ƙarin girma.

Saboda haka muna roƙon abu biyu. Na farko, kada waninmu ya biya ko kwabo, wa kansa ko wa ɗansa, sai ya tabbatar an tantance kwas ɗin, kuma cibiyar da zai zauna tana cikin waɗanda aka amince da su. Na biyu, reshenmu ya riƙa tattara wannan bayani yana sanar da mambobi kafin lokacin ɗaukar ɗalibai, ya kuma matsa wa gwamnatoci lamba su daidaita tsakaninsu kafin a buɗe aji, ba bayan an yaye ɗalibai ba.

Magabata sun ce in gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Allah Ya sa guminmu ya amfane mu.