Sanar da Ajanda Kafin Zaman Shawara

 Ya 'yan'uwa shugabanni da sakatarorin rassa, maganarmu a yau a kan ajanda ce, wato jerin batutuwan da za a tattauna a taro, abin da Larabawa ke kira jadawalul a'amal.

Sau da yawa akan aiko cewa akwai zama ranar Asabar bayan La'asar, ba a faɗi dalili ba. Sai an hallara sannan shugaba ya ce za a sayi fili domin makarantar Islamiyya, kuɗinsa kaza. Mutum biyu ko uku da suka san zancen tun farko su ne za su yi magana, saura su gyaɗa kai saboda Magariba ta gabato. Waɗannan ba shawara aka yi da su ba, shaida kawai suka zo yi, alhali dukiyar jama'a ce, kuma amanarta tana wuyansu duka.

Mu dubi Halifa Umar ɗan Haɗɗabi, Allah Ya ƙara masa yarda, a shekara ta 23 bayan Hijira. Da aka soke shi, sai ya ambaci mutum shida: Usman, Aliyu, Ɗalha, Zubairu, Sa'adu da Abdurrahman ɗan Aufu. Ya bayyana musu batun, wato su fitar da halifa daga cikinsu, ya kuma yanka musu wa'adin kwana uku. Abdurrahman ya yi ta zaga Madina yana jin ra'ayin mutane kafin a yi wa Usman mubaya'a.

Saboda haka muna ganin ajanda ta isa hannun kowa mako guda kafin zama, ko a takarda ko ta WhatsApp. Kada a rubuta "maganar makaranta" a yi shiru. A ce: shin za a ƙara malami ɗaya, kuma daga ina albashinsa zai fito? A ambaci wanda zai gabatar da kowane batu, a nuna wanne ne sanarwa, wanne ne za a zartar. A haɗa da rahoton zaman da ya gabata da lissafin ma'aji, domin lissafi ba a fahimtarsa da kunne.

Sai "sauran batutuwa" da kan zo a ƙarshe. Ta wannan ƙofa ake shigo da manyan al'amura bayan mutane sun gaji. Duk maganar kuɗi ko naɗin muƙami da ta taso a nan, sakatare ya rubuta ta, ta zama ta farko a ajandar zama mai zuwa.